Saniyar Sambo a Ƙarƙashin Sunan Juli

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban taɓa mantawa da Talatar da na ɗaga talho, wato wayar hannu, na nuna wa wata tsohuwa hoton saniya, na ce mata ɗanta ne ya aiko ni ba. Ku sababbin zuwa kun sha tambaya me ya sa takardar mastar ɗina ba ta rataye a bango kamar ta sauran shugabanni. Wasunku har sun yanke cewa ban ma ƙare karatun ba, ina jin ku wurin shan shayi. Na ƙare, har da yabo. Takardar tana gida a ƙasan akwati. Yau zan gaya muku dalili, tunda ga ku nan kowa da ordinatarsa, wato kwamfuta, a hammata, da niyyar gyara makiyaya kafin damina ta faɗi.

A lokacin na daɗe a wannan ƙungiya tamu ta makiyaya. Na fara ne a matsayin animatar, wato mai yawo ruga-ruga yana yi wa mutane bayanin allurar bisashe da ajiyar dussa. Daga baya aka ba ni sashen kasuwanci, babu kowa a samana sai kodinata. Amma ku riƙe abu ɗaya: ni ɗan cikin garin Dutsi ne, ubana manomi, gidanmu ba a taɓa ɗaure abin da ya wuce awaki ba. Na san makiyaya ta bakin taro da rahoto. Na sha nononsu, na kwana a tabarmarsu, sai na ɗauka na san su.

Sai na shiga karatun mastar na tafiyar da kasuwanci ta intanet, a wata makaranta ta Yamai mai koyarwa daga nesa. Shekara biyu ake yi. Ta farko darussa ne da jarrabawa, kowace Asabar da Lahadi: yadda ake tallar kaya ta waya, yadda ake tsara bayanan masu saye da masu sayarwa, yadda ake biya ba tare da an haɗu ba. Ta biyu kuma ka rubuta memuwar, wato littafin bincikenka, sannan ka je sutnans, ka tsaya gaban malamai uku ka kare abin da ka rubuta. Na sha wuyar karatun nan ba kaɗan ba. Asabar nawa na yi a kan rufin biro, wato ofishinmu, ina farautar rezo don intanet ta kama, rana tana gasa ni, muryar malami tana zuwa tana yankewa, mai gadi yana ƙasa yana tambaya ko aljanu ne suka hau da ni. Ina da shekara arba'in da wani abu, ƴan ajinmu yawanci sa'annin ƙannena ne. Na ƙudurta sai na nuna musu cewa mutumin Arewa ma ya iya.

Aikin da na zaɓa don memuwar shi ne manhajar talho ta sayar da shanu. Makiyayi yana rugarsa, a ɗauki hoton bisarsa a sa. Mai saye yana Yamai, ya duba ya zaɓa ya biya ta waya. Mota ta ɗauka ta kai masa. Babu dillali, babu la'ada. A cikin littafin na zana hanyar da saniya take bi daga ruga zuwa mahauta, na sa dillali a tsakiya cikin akwati, na ja masa jan layi. Na yi alfahari da wannan zane ƙwarai.

Wanda na fara nuna wa shi ne Alhaji Namaiwa, babban dillalin kasuwar bisashe ta Dutsi, abokin marigayi babana. Na nuna masa ne don in ba shi haushi, ba na ɓoye muku. Ya karɓi talhon ya riƙe shi nesa da ido, ya daɗe yana kallo.

"To, ɗan Tankari," ya ce, "abin naka ya yi kyau. Amma shi talhon ga, ya san kunne?"

Na ce, "Wane kunne kuma, Baba Alhaji?"

"Ni in anka kawo min bisa, ba ƙiba nika hwara dubi ba. Kunne nika dubi. Kowane gida da tsagarsu. In nig ga tsagar wani gida ga hannun wani, sai in ce a dakata, a gaya min yadda anka yi."

Na yi dariya na ce zamani ya wuce nan, yanzu kowace saniya tana da lamba a cikin na'ura. Ya miƙo min talhon ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya ga wani mai raguna.

Makiyaya goma sha biyu suka yarda in gwada da su, kuma wanda ya fara yarda shi ne Juli. Rugarsa tana arewa da Sukukutane, tafiyar rairayi ce mai cin ƙarfin moto, wato babur. Mutum ne dogo marar yawan magana, ya girme ni kaɗan. Shekarun baya fari ya share masa garke, ya dawo ba shi da ko maraƙi, sannu a hankali ya sake tarawa har suka kai yadda za a kira su shanu. Shi ne ya ce wa sauran, "Malam Musa namu na, ba ya cutar mu." Da bakinsa suka yarda.

Na je na bi shanunsa ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukar hoto. Takardar rajistar da na tsara tana da gurbin launi, gurbin shekaru, gurbin kimanin nauyi, da gurbi ɗaya tak na mai ita. A kowace na rubuta Juli. Ban tambaya ba, shi kuma bai ce komai ba, don bai iya karatu ba, kuma bai taɓa zaton akwai babban mutum mai aiki da makiyaya da zai kalli garke ya ɗauka duk na mutum guda ne ba. A garken Bafillace akwai ta mata, akwai ta ɗiya, akwai ta amana. Abin takaicin, na san kalmar habbanaye. Har sakin layi guda na rubuta a kanta a babin farko na memuwar: cewa idan mutum ya rasa dukiya, ɗan'uwa ko aboki yakan ba shi saniya ya riƙe, ta haihu sau uku, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gidansu, ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ana kula da ita fiye da ta kai. Na rubuta wannan da Faransanci mai kyau, amma ban yi mata gurbi a takarda ba.

Watan Mayu ya kama, manhaja tana aiki, hotuna sun cika, ba a sayi ko akuya ba. Malamin da ke duba aikina, muna ce masa Dokta, ya kira ni ya ce, "Malam Musa, zane da hotuna ba su isa ba. In babu ciniki ko guda da aka yi daga farko har ƙarshe ta manhajar kafin ƙarshen wata, ba zan sa hannu ka je sutnans ba. Sai baɗi." Gaskiya ya faɗa, ba na ganin laifinsa. Amma baɗi a wurina daidai take da a ce in bari, don ba ni da ƙarfin sake wata shekarar a kan rufi.

Ana saura mako guda, sai Juli ya kira ni da wayar wani da ban sani ba. Yana Doso, ya kai matarsa gidan likita, an ce sai an yi mata aiki. Muryarsa a sanyaye ya ce, "Malam Musa, ka saida min guda cikin nawa, wadda duk tas samu mai so. Ka aiko min kuɗin nan Doso." Na ce ya kwantar da hankalinsa. Allah ya yafe mini, da na ajiye wayar abin da na ji a zuciyata farin ciki ne.

Washegari wani ma'aikaci a Yamai da zai aurar da ɗiyarsa ya shiga manhajar, don na bi duk wanda na sani ina roƙon a gwada. Ya duba shanun Juli ya zaɓi wadda ta fi cika ido, wata ja mai farin goshi, lamba bakwai. Ya biya nan take, na tura wa Juli ta hannun mai wayar da ya kira ni da ita. Na gwada lambar sau ɗaya don in gaya masa wadda aka zaɓa, mai wayar ya ce ya bar wurin. Ban sake gwadawa ba.

Ranar Talata da hantsi na isa rugar tare da direban motar kasuwa da muka yi jinga da shi. Babu namiji babba a gida, sai mahaifiyar Juli, tsohuwa ƴar siririya da kowa ke ce wa Inna, tana zaune tana gyaran ƙwarya. Ta yi min maraba ta kawo nono. Na gaya mata Juli ya ce a sayar da saniya saboda aikin matarsa, ta ce Allah ya ba ta lafiya, ai dukiya don haka take. Sai na buɗe talho na nuna mata lamba bakwai.

Ta kalli hoton, ta kalli inda shanun suke kwance a inuwar gawo, ta sake kallon hoton.

"Wule?" ta ce. Sunan saniyar ke nan. "Shi yac ce wagga?"

Direba yana ta latsa ham, yana cewa rana tana yi, yana da lodi a Dutsi. Babu rezo a wurin ko ɗigo. Na ga yadda fuskarta ta canza, na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Da na ce mata a'a, cewa ya yi guda cikin nasa, da magana ta ƙare a nan. Amma an riga an biya, mai saye ya zaɓa, in na canza saniya cinikin bai bi ta manhaja daga farko har ƙarshe ba ke nan. Wannan lissafin ne ya gilma mini a kai, bai fi ƙiftawar ido ba.

Na ce, "Shi ya ce, Inna."

Ba ta ƙara ko kalma ba. Bafillatana ba ta tona asirin ɗanta a gaban baƙo, ko da abin zai kashe ta. Ta tashi da kanta ta ɗauko igiya, ta je ta shafa wuyan saniyar tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, ta sa mata igiyar ta miƙo min. Sannan ta shige bukka. Ko da muka tashi mota na yi sallama, ba ta fito ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, na tafi wurin Alhaji Namaiwa ina tafiya ina jin kaina. Na ce, "Baba Alhaji, an yi ciniki babu dillali." Na miƙa masa hoton. Ya ce in buɗe masa kan saniyar ya girma. Na ja hoton da yatsu biyu. Ya ce in ƙara, wajen kunnen hagu. Sai na ga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Wagga ba tsagar gidan su Juli ba ta. Tsaga biyu ga baki, guda ga ƙasa, ta gidan su Sambo ta, na Dogon Kiriya. Habbanaye ta, Musa. Ita ad da Sambo ya ba shi shekarar da hwari yac cinye mai garke. Ta haihu biyu, ga ciki nan na ukku, ko makaho ya gane shi. Da ta sauka sai ta koma gida. Ina take?"

Na zauna a kan turke. Na kira mai sayen. Ya ɗauka cikin fara'a, ana jin hayaniyar biki a bayansa. Ya ce nama ya yi kyau, kowa ya yaba, sai dai mahauta sun iske ɗa a cikinta, abin bai yi masa daɗi ba, amma ba komai, haka Allah ya so. Ya ce ya ma ba manhajar taurari biyar, in duba in gani. Na duba, suna nan kuwa, biyar cif.

A ranar na hau mota zuwa Doso. Na iske Juli zaune a gindin itacen bedi a harabar gidan likita, an yi aikin, matar ta farfaɗo. Ya taso yana ta yi min godiya. Na ce ya zauna, na gaya masa komai, ban rage ba, har da abin da na ce wa Inna. Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga sandarsa ya sauke min a ka, da na samu sauƙi. Shi kuwa sai murza igiyar malfarsa yake ta yi.

Can ya ce, "Inna da hannunta tas sa mata igiya?"

Na ce e.

"To."

Na ce zan je in gaya wa Sambo laifina ne, in gaya wa Inna ƙarya na yi mata, in nemo saniyar da ta fi Wule in mayar. Ya girgiza kai. "Malam Musa, saniya ga hannuna take. Ni nib bari anka ɗauki hotonta, anka rubuta sunana bisa. Ba kai Sambo ya ba amana ba." Na ce to aƙalla shi ya gaya wa Inna gaskiya in ya koma. Ya dube ni, a karo na farko ido cikin ido. "In ce mata mi? In ce baƙon da nik kawo gida, wanda tab ba nono, ya yi mata ƙarya? Wanga kai ad da shi. In kana so, ka zo ka hwaɗa mata da bakinka."

Alhaji Namaiwa ya bar kasuwarsa ya raka ni Dogon Kiriya, ya zauna a bayan moto da tsufansa, bai ce min ai na gaya maka ba ko sau ɗaya. Sambo ya karɓe mu da mutunci, ya shimfiɗa tabarma, ya saurara har na gama. Ya ce ya ji, kuma ya yarda ba da nufi aka yi ba. Da na kawo maganar mayar masa da wata, sai ya ɗan murmusa. Ya ce Wule jikar jikar saniyar da kakansa ya bar wa ubansa ce, ita kaɗai ta rage mace a wannan tsatso, shi ya sa ya ba Juli ita ba wata ba, don Juli ya san matsayinsa a wurinsa. "Kasuwa akwai shanu, Malam, na sani. Ba saniya nir rasa ba." Bai ce zai yi ƙara ba, bai ce zai yi fushi ba. Amma bai tambayi lafiyar matar Juli ba har muka tashi, kuma Alhaji ya lura, don a hanya ya ce min, "Abotar shekara talatin ta mutu yau."

Labari kuwa ya riga mu isa ko'ina. A bakin rijiya, a kasuwar Sukukutane, ba a cewa Musa na ƙungiya ya yi kuskure. Cewa ake yi Juli ya sayar da habbanaye ta talho, da ciki, an yanka a biki. Na tsaya a taron makiyaya na faɗi da bakina cewa ni ne, suka saurara cikin ladabi, suka ce Allah ya kiyaye gaba. Ba su canza komai ba. A wurinsu ni baƙo ne, baƙo kuwa ba ya cin amanar da ba a ba shi ba. Sauran goma sha ɗayan suka aiko a cire hotunan shanunsu. Na rubuta wa kodinata rahoto, ya karanta ya ce abin baƙin ciki ne, a ƙara gurbi a takardar rajista, a kuma guji maganar a gaban masu ba mu tallafi.

Saura Inna. Na ce zan je ranar Asabar. Asabar ta zo, Dokta ya dawo min da gyare-gyare, ya ce ranar Litinin yake son su. Na ce Asabar ta gaba. Ta gaba kuma aka sa ranar sutnans, ina ta haɗa hotunan da zan nuna. Gaskiyar ita ce tsoron idon tsohuwar nan nake ji, karatun ya zame min wurin ɓuya.

Na je Yamai na tsaya gaban malamai uku da sabuwar riga. Hoton Wule ne a bango, babba, an rubuta ciniki na farko a ƙasansa, ga taurari biyar. A babin matsaloli na sa layi ɗaya cewa ya kamata a inganta gurbin mallaka nan gaba. Wata malama a cikinsu ta tambaye ni, "Shi mai sayarwar, ya gamsu?" Na buɗe baki, na ga Dokta yana kallona yana murmushi, na ce, "An biya shi a ranar, Madam." Suka gyaɗa kai. Suka ba ni sakamako mai yabo, shugabansu ya ce irin wannan aiki ne ƙasa take bukata. Aka tafa min, aka ɗauki hoto.

Kwana biyu da dawowata na hau moto na nufi arewa da Sukukutane, ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi. Na tsara abin da zan ce wa Inna tun daga Dutsi, na maimaita shi har na haddace. Na iske gawon nan yana nan, da turaku, da duwatsun murhu uku. Babu bukka ko ɗaya. Wani manomi da ke shuka kusa ya ce sun tashi kwana huɗu da suka wuce, ba su yi sallama da kowa ba, kuma ba tashin damina ba ne, don har dangar garken sun kwashe. Wasu sun ce kudu suka yi, wasu sun ce sun ƙetare iyaka. Na yi cigiya a Dumega, na yi a Tibiri, na bar saƙo wurin dillalai da masu allura. Har yau babu wanda ya kawo min labari.

Manhajar tana nan, kuna iya buɗewa ku gani. Na ƙara mata gurbi huɗu: tasa, ta mata, ta ɗiya, ta amana. Babu makiyayin da ya sake tsayar min da saniya in ɗauki hoto. Ciniki ɗaya ne a cikinta, da taurarinsa.

Ba na ce muku karatun banza ne ba, kada wani ya fita ya ce Malam Musa ya hana karatu. Abin da aka koya min daidai ne, inda kaya na mai riƙe da su ne. A nan kuwa abin da ke hannun mutum sau da yawa ba nasa ba ne, kuma mutumin da kuke shirin ja wa jan layi wataƙila shi kaɗai ya san na wane ne. In za ku ruga, ku biya ta kasuwa ku ɗauki Alhaji Namaiwa ko wani irinsa, ku bar shi ya dubi kunne kafin ku rubuta suna. In tsohuwa ta tambaye ku abu sau ɗaya ta yi shiru, ku kashe mota ku zauna.

Ni dai na samu takardata. Inna kuwa, in tana da rai, tana wani wuri da ban sani ba, kuma har gobe ta ɗauka ɗanta ne ya ce a sa wa Wule igiya.